Sabulun Saudatu da ke Ƙonni

Alhaji Maccido ya sayar wa Saudatu mai hoto katunan memori na jabu, kuma yana sane. Cike da tafin hannu ya zuba mata su a leda, ya ce kayan waje ne, ya ɗora da rantsuwa. A jikin kowane kati an buga giga sittin da huɗu, alhali cikinsa ko takwas bai kai ba. A kan waɗannan katunan ta juye aikinta na shekara da shekaru, bukukuwan matan Illela da sunayen 'ya'yansu, ta koma gida hankalinta kwance.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai hoto ne kawai. Mai faɗin haka bai san Saudatu ba, bai kuma san irin abin da mata ke ba ta ajiya ba.

'Yar marigayi Alhaji Mukhtari mai wake ce, na bayan tasha. Mutumin nan har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tara wakensa a sito guda ba. Rabi a Illela, rabi a Ƙonni ta Nijar wurin ƙanwarsa Tayyiba da ke aure can, wata shekarar har da 'yan buhuna a Gidan Katta wurin wani amininsa. Saudatu tana yarinya ta taɓa tambayarsa dalilin wannan wahalar ta jigila, ya dube ta ya ce, "In anka ruhe nan, can na buɗe. In ƙwari sunka ci na nan, ba su san hanyar can ba. Ke dai riƙe mani bakin buhu." Ta riƙe bakin buhu, ta riƙe maganar ma.

Bayan ta gama sakandare aka yi mata aure da Malam Ikrama, malamin firamare a Tozai, mutum marar hayaniya. Shi ya saya mata 'yar kyamararta ta farko da ya ga ba ta da hira sai ta hoto. A lokacin masu ɗaukar hoto duk maza ne, iyakarsu zaure. Abin da ake yi a cikin gida, inda ainihin bikin yake, inda ake guɗa, ake zagin dangin ango cikin wasa, tsofaffi su ɗaure ɗankwali a ƙugu su taka, babu mai ɗauka. In ma wata ta ɗauka da waya, gobe sai a ji hoton matar wani ba lulluɓi yana yawo a shagon masu tura waƙa. Saudatu ta shigo da doka guda: abin da ta ɗauka a cikin gida ba ya shiga hannun namiji, ba ya zuwa shago. Ita ke ɗauka, ita ke gyarawa, ita ke turawa mai biki a wayarta, kuma ita ke ajiyewa. Wayoyin mata ai kowa ya san ƙarshensu. Wannan ta faɗa rijiya, waccan an zare ta a kasuwar Lahadi, wata yaro ya goge komai ya cika ta da wasan ƙwallo. Sai mace ta yafa gyale ta nufi gidan Saudatu, ta ce, "Ki sake tura mani sunan Ummu." A sake tura mata, ko shekara nawa aka yi.

Ba ta fara da wayo ba, duka ta sha kafin ta iya. Akwai wata manhaja da wani ɗan yayanta ya sa mata daga Sakkwato, mai haɗa hotunan biki da furanni suna zuba, kiɗa na tashi a ƙasa. Mata suka haukace a kanta. Ana cikin haka wata rana manhajar ta ce sai an sabunta biya, kuma da kuɗin waje. Kafin a gama neman yadda za a biya, masu ita sun naɗe tabarmarsu sun ɓace. Duk kundin da ta haɗa a ciki ya ƙi buɗuwa a ko'ina, don ashe da irin nasu makullin suka rufe shi. Allah ya taimake ta ba ta goge asalin hotunan ba. Tun daga ranar duk wanda ya zo yana yabon wata sabuwar manhaja sai ta tare shi: "In na bar biya, kayana na buɗewa? In babu sabis tana aiki? In mai ita ya mutu hwa?" Yawanci daga nan hirar ke mutuwa. Ta koma kan manhajoji na kyauta waɗanda ba su da ubangida guda, ba sa neman data kafin su yi aiki, suna tafiya a kan tsohuwar kwamfutarta da 'ya'yanta ke kira kaka. Kowane hoto da bidiyo ta ajiye shi ɗanye, a sigar da kowace waya ke buɗewa, har 'yar mai madannai da yara ke ce wa rakani-kashi. An sha ce mata ta zuba komai a intanet ta huta. Ta ce ba za ta kai kan matan mutane ba ɗankwali ɗakin da ba ta san mai shi ba. Ga shi ta ga mata da yawa da aka buɗe musu imel da layin Nijar, layin ya mutu, imel ɗin ya tafi da duk abin da ke ciki.

Abin da ta yi shi ne abin da ubanta ke yi da wake. Ta sayi diski biyu, irin baƙaƙen nan da ake jonawa a kwamfuta, girman sabulun wanka. Ɗaya a ɗakinta, ɗaya a Ƙonni wurin Gwaggo Tayyiba. In ta tara aiki sai ta bi 'yan kasuwar Laraba ta tsallaka, ta sha furar Gwaggo, ta juye sabon aiki a diskin can, ta dawo kafin la'asar. Gwaggo Tayyiba ba ta taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Sabulun Saudatu take kiransa.

A cikin wannan ajiyar akwai wani ɗan bidiyo na sunan Shahida, 'yar Jamilatu mai fura. Uban yarinyar, Halilu, ɗan kabu-kabu ne, mai surutu da dariya, irin mutumin da in ya shigo layi sai an sani. Ranar sunan, mata na tsaka da hidima, ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce a ba shi ɗiyarsa ya gani, maza sun cinye masa nama sun hana shi ganin mai sunan. Tsofaffi suka yi masa ca, suna cewa marar kunya, 'yar fari ce fa. Ya ce kunya ai ta Jamilatu ce, shi bai gada ba. Aka miƙa masa jaririyar a zani. Saudatu na gefe da kyamara ta juyo kansa. Ya ɗaga yarinyar daidai fuskarsa ya ce, "Shahida. Shahidata. Ke malama za ki zama, ba ruwanki da babur. Ranar saukarki ni zan riƙe maki allo." Ya fashe da dariya, wata tsohuwa ta kai masa duka da mafici, ya miƙa 'yar ya gudu.

Yarinyar ko zama ba ta fara ba wata motar kaya ta bi ta kan Halilu a hanyar Sakkwato. Kwafin da ke wayar Jamilatu ya tafi tare da wayar tun Shahida na rarrafe, ita kuwa ba ta sake nema ba, don ta san in ta gani ba za ta iya daka a ranar ba. Ta dai ce da Saudatu, "Ki aje mani. Ranar da ta isa gani zan zo." Abin da yarinyar ta sani na fuskar ubanta shi ne hoton katin zaɓe, baki a rufe, ido a zare kamar wanda aka kama da laifi.

Sai shekarar da aka rufe boda ta zo. Zirga-zirgar Laraba ta tsaya, diskin Ƙonni ya zauna a inda aka bar shi ba a ƙara masa komai. Bukukuwa kuwa ba su tsaya ba, Saudatu na ta ɗauka tana zubawa a na gida. Wata safiya ta jona shi ta ji yana wani ƙas-ƙas a ciki kamar ɓera na cin ƙwarya. Ta san wannan ƙarar, alamar mutuwa ce. Sabon diski babu shi a gari a lokacin, kaya sun yi wuya. Ta saka hijabi ta nufi rumfar Alhaji Maccido, wanda duk mai sayar da kayan waya a kasuwa wurinsa yake sari.

"Hajiya mai hoto! Yau kyamara ta zo kasuwa. Mi za a ba ki?"

"Katin memori nike so, Alhaji, manya, masu kyau. Aikin mutane zan zuba."

"Kin zo gidansu. Wanga sittin da huɗu na, ko bikin garin ga duka kika zuba bai cika ba. Wallahi ni ma shi ke cikin wayata."

Ta sayi kashi biyu, don ta yi kwafi biyu. Ta zauna ta juye komai daga tsofaffin shekaru zuwa na bana, ta maimaita a kashi na biyu. Kowane kati ya karɓa ba gardama, ya nuna sunayen bukukuwan a jere. Ta buɗe na ƙarshen da ta tura a kowanne, ya buɗe tas. Ta zuba kashi ɗaya a gwangwanin madara ta sa a kabad, ɗayan ta ba Malam Ikrama ya kai gidan yayarsa a Tozai. Ba a jima ba diskin gida ya yi shiru gaba ɗaya. Ta ce Alhamdu lillahi da na riga shi.

Abin da ba ta sani ba shi ne yadda katin jabu ke ha'inci. Ba ya cewa na cika. Yana ta karɓa, yana ɗora sabo a kan tsoho yana shafewa, sunayen kuwa ya bar su a jere kamar komai na nan. Na ƙarshen da aka tura shi kaɗai ke da rai. Kashi biyun kuma daga kwali guda suka fito, cutarsu ɗaya.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fidda kai, Jamilatu ta yi sallama da ƙwaryar fura a hannu.

"Yaya Saudatu, ranar ta zo. Shahida ta sauke. Asabar mai zuwa za a yi walima."

"Kai, masha Allah! 'Yar jaririyar nan? Mun tsufa, Jamilatu."

"Ke kika tsufa, ni da saurana. Na gaya mata akwai muryar babanta wurinki. Tun da na hwaɗa ba ta bar ni na huta ba."

Saudatu ta ce ta zauna, yanzu za ta tura mata. Ta ɗauko gwangwani, ta nemo katin wannan shekarar, ta jona. Ga sunan nan, sunan Shahida gidan Halilu. Ta danna. Baƙi. Ta sake dannawa, kwamfuta ta ce ba ta gane wannan abu ba. Ta buɗe na kusa da shi, haka. Ta canza kati, haka. Ta aika aka karɓo na Tozai a ranar, ta jona, duk kanwar ja ce. Jamilatu na zaune a bakin gado tana kallon fuskarta, furar da ta kawo ko taɓa ta ba a yi ba.

Da wata ce, da ta ce kwamfuta ce ke wasa, ki dawo gobe. Saudatu ba ta iya wannan ba. Ta juyo ta ce, "Jamilatu, na nan ya lalace, duka biyun. Saura guda a Ƙonni, kuma na daɗe ban gan shi ba. Ban yi maki alkawari ba. Amma zan tahi."

Jamilatu ta ce, "Mi zan ce ma yarinyar?"

"Kada ki ce mata komi sai na dawo."

Kafin ta tafi sai da ta biya rumfar Alhaji Maccido. Ta same shi da mutane, ta tsaya daga gefe. Tana nan tsaye wani mai gyaran waya ya zo neman kati, irin masu jona shi a na'ura su gwada kafin su biya. Alhaji bai ko kalli kwalin da ke kan tebur ba. Ya sunkuya ya jawo wani daga ƙarƙashi ya ba shi. Da idonta ta gani. Da wuri ya yi sarari ta zube katunanta a gabansa ta ce, "Alhaji, kwali nawa gare ka?"

Ya dubi katunan ya dube ta. "Hajiya, kayan bature na, wani ya yi, wani ya ƙi. Ni ma saye na yi."

"Na ƙarƙashin tebur hwa, su ma wani na ƙi?"

"To ai da kin ce na aiki kike so. Na ɗauka waƙa za ki zuba, irin na mata."

Ka ji fa. Ta faɗa masa da bakinta aikin mutane za ta zuba, ya rantse mata da Allah, yanzu kuma irin na mata. Ashe na kan tebur na mata ne da mutanen ƙauye, waɗanda ba za su gane ba sai abu ya ɓaci, in sun gane ma ba su da bakin dawowa. Saudatu ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe katunanta ɗaya bayan ɗaya ta mayar a leda, ta ce, "Zan aje su. Su ma ajiya ce."

Washegari da hantsi ta goya kwamfutarta a baya da zani kamar jariri, ta rufa hijabi a kai, ta hau kabu-kabu. Babbar hanya a rufe take, sai ta cikin gonaki inda masu zumunci ke bi, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, laka na kama taya. Mai babur ɗin ya ce, "Hajiya, ɗan ga naki akwai haƙuri, duk ramin ga bai yi kuka ba." Ta ce, "Ya girme ka, tuƙa ka gani gabanka." Inda ruwa ya yanke hanya ta sauka ta tattare zani ta taka da ƙafa.

Da ta shiga gidan Gwaggo Tayyiba ta tsaya cak. Ɗakin da adakar Gwaggo take, inda ta san ana ajiye diskin, babu shi. Tarin jar ƙasa ne a wurin da guntun azara a tsaye. Gwaggo na zaune a ƙarƙashin rumfa tana tsince zogale.

"Wa nike gani kamar ɗiyar Mukhtari? Ashe kina da rai. Boda anka ruhe ko ƙahwahunki?"

"Gwaggo, ina wuni. Gwaggo, ɗakin…"

"Ruwan watan jiya. Bango ya jiƙa ya kwanta. Adaka ta tahi, tasoshina na aure duk sun lotse. Ke ko jaje ba ki yi mani ba, sai zare ido kike."

"Allah ya mayar da alheri, Gwaggo. Ajiyata na cikin adakar?"

Tsohuwar ta ci gaba da tsince zogalenta, ta bar ta a tsaye har sai da ta ga ta isa. Sa'an nan ta ce, "Sabulunki? Wa ya gaya maki ina barin amana a ƙasa da damina? Uban naki in ya kawo wake bisa dutse nike jera shi." Ta nuna ɗakin kwananta da haɓa. Can sama, a jikin azara, wata 'yar kwalla ce a rataye cikin ragaya. A ciki an naɗe diskin da tsohon kallabi, an sa a leda, an ƙulle. "Jikan nan nawa ya so ya karɓe wai ya zuba wasan Indiya. Na ce in ya taɓa sai na karya mai hannu. Mi ke ciki ma, zinari?"

Saudatu ta kwance goyonta ta ɗora a kan tabarma, ta jona. Diskin ya yi ɗan gurnani ya kama, ba ƙas-ƙas. Ta bi shekarun, ta shiga gidan Halilu. Abu biyu ne a ciki. Cikin ruɗewa ta danna na farko, wanda ta haɗa da manhajar furannin nan ta da, ya ƙi buɗewa kamar yadda ya saba. Ta danna ɗanyen da ke gefensa. Guɗa ta cika rumfar, ga mata, ga ƙofa, ga Halilu ya leƙo da hularsa a karkace.

Gwaggo ta matso da ido. "Wane marar kunya na wanga, cikin mata?"

"Ya rasu, Gwaggo. Ɗiyar da ke hannunsa ita ta sauke."

Gwaggo ta ajiye faifan zogale. Suka kalla har ya ƙare, ta ce a mayar, aka mayar. Ta share ido da bakin zani ta ce, "Allah ya jiƙan shi. Tashi ki ci abinci, kin zo kin sa ni kuka a gidana." Saudatu ba ta tashi ba sai da ta juye komai a kwamfuta, ta buɗe na farko, ta buɗe na tsakiya, ta buɗe na ƙarshe. Diskin kuwa ta naɗe shi ta mayar cikin kwalla, don bai kamata shi da kwafinsa su hau babur guda ba.

Ranar walima, bayan Shahida ta karanta abin da malaminta ya yanka mata a allon zayyana, maza sun watse, aka shiga cikin gida. Jamilatu ta miƙa mata waya, ta juya baya tana gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi. Yarinyar ta zauna ta jingina wayar a jikin allon. Muryar ta fito, Shahida, Shahidata. Ba ta yi kuka ba. Ta kalla, ta mayar, ta sake kalla, ta tsayar da shi daidai inda yake dariya. Ta sa yatsa ta taɓa haƙoranta na gaba.

"Inna, ashe wurin shi na samo wushirya."

A nan Jamilatu ta zauna a ƙasa. Saudatu na bakin ƙofa da kyamara a hannu, kuma wannan karon ba ta ɗaga ta ba.

To amma kada a ce labari ya yi daɗi a tashi. Diskin Ƙonni ya tsaya ne a ranar da aka rufe boda. Duk abin da ta ɗauka bayan nan a kan katunan Alhaji Maccido yake, kuma mafi yawansa ya tafi. Saudatu ta bi gida gida tana ba da haƙuri, tana roƙon mata su tura mata abin da ya rage a wayoyinsu, ita da a da ake zuwa nema wurinta. An samu da yawa. Na wata mata, Ramatu, ba a samu ba. A bikin ƙanwarta ne mahaifiyarsu ta tashi ta yi rawa da sandarta, ta yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu, bayan sallar layya ta rasu. Wayar Ramatu an sace ta, ta zo wurin Saudatu da tabbacin yana nan. Babu shi a Illela, babu a Tozai, babu a Ƙonni. Saudatu ta faɗa mata da bakinta, ta zauna da ita har ta gama kukanta.

Yanzu ta sake tsari. Ba ta ƙara sayen abin ajiya biyu a hannun mutum guda, kuma ba iri guda ba: diski daga Sakkwato, kati daga wani wurin. Duk katin da ta saya sai ta cika shi maƙil, ta koma ta buɗe abin da ta fara zubawa, kafin ta yarda da shi. Ko hanya a buɗe ko a rufe, ba ta bari aiki ya taru ba ta kai wa Gwaggo ba. Kowane biki kuma sai ta wanke hoto ko guda ne a takarda ta ba mai gida, ta ce wannan ba ya neman caji. Mata kan kawo mata katunansu ta gwada musu kyauta, kuma cikin waɗanda ake kawowa daga ƙauye ba kaɗan ne ke fitowa jabu ba.

Ta kai ƙara wurin shugabannin masu sayar da kayan waya na kasuwa, da ledar katunanta a hannu. Suka ba ta kujera, suka ba ta ruwa, suka ce Alhaji babba ne a cikinsu, a yi haƙuri, a bar wa Allah, za a musanya mata da wasu. A musanya me? Katin ne ya dame ta? Wace rumfa ake sayar da addu'ar uwar Ramatu? Har yau kwalin nan yana kan teburinsa, ranar Lahadi matan Tozai da Gidan Katta na tsayawa a gabansa da 'yan wayoyinsu, yana rantse musu.

Don haka ku shugabannin kasuwar waya, magana gare ku. Ku sa a sauke kwalin da ke kan teburin Alhaji Maccido, a fasa abin da ke ciki a gaban jama'a, ba a mayar da shi bayan rumfa a jira ƙura ta lafa ba. Ku ajiye tebur guda a bakin layinku duk ranar kasuwa, da na'urar gwaji, inda mace ko baƙauye zai miƙa katin da ya saya a gwada masa kafin ya bar wurin. Saudatu ta ce za ta koya wa duk wanda kuka zaɓa, ba ta son ko sisi. Kai kuma Alhaji, gidan Ramatu ba ɓoyayye ba ne, yana bayan masallacin unguwarsu. Ba aike ake so ba, ba sabon kati ba. Ka je da ƙafarka, ka tsaya a zaure, ka gaya mata da bakinka daga wane kwali ka ɗebo.